Ciwon Ƙafar Mai Gudu: Awo Ne Maganinsa

Duk mai fita da sassafe a manyan garuruwanmu ya san masu gudu sun yawaita. Ana idar da sallar asuba sai a gan su a gefen kwalta da filayen makarantu: ga saurayin da ke shirin tantancewar shiga soja ko aikin ɗan sanda, ga magidancin da likita ya ce masa ya rage teɓa saboda hawan jini ko ciwon suga, ga 'yan ƙwallon unguwa, ga mata rukuni-rukuni suna sassarfa. Abin da ido bai cika kamawa ba shi ne yawan waɗanda ke ɓacewa daga sahu bayan 'yan makonni, gwiwa ta riƙe, ko ƙwauri yana zugi, ko dunduniya ta hana taka ƙasa. Irin wannan mutum shawara biyu yake samu a wurin jama'a. Wasu su ce ya haƙura, ai gudu cinye gwiwa yake yi, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wasu su ce ya daure, ragwanci ne kawai, ya haɗiyi ƙwaya ya ci gaba. A ganina shawarwarin nan biyu duk cutar da shi suke yi, kuma binciken likitocin wasanni na shekaru talatin da suka wuce yana goyon bayan wannan magana. Mafi yawan ciwon da gudu ke jawowa yana tasowa ne idan aikin da aka ɗora wa ƙafa ya zarce ƙarfin da ta riga ta gina. Don haka warakarsa tana cikin awo: a rage aikin zuwa gwargwadon abin da ƙafar za ta iya ɗauka, a ƙara mata ƙarfi, sannan a riƙa mayar mata da aikin kaɗan-kaɗan.

Sai an san irin nauyin da ƙafa ke sha kafin maganar ta zauna. Duk lokacin da mai gudu ya dira, ƙafa ɗaya ce ke karɓar ninki biyu zuwa uku na nauyin jikinsa. Mutum mai kilo 70 ke nan yana sauke abin da ya kai kilo 140 zuwa 210 a kowane taku, kuma mai sassarfa yakan yi kusan taku 1,000 a kilomita guda. Wannan lissafi yana da ban tsoro, amma ƙashi da jijiya da guringuntsi rayayyun abubuwa ne, kuma amfani da su ne ke ƙara musu ƙwari. Ƙashin da ake takawa yana ƙara kauri, jijiyar da ake ja tana ƙara tauri, guringuntsi kuwa, da yake ba shi da hanyoyin jini, matsawa da sakin da motsi ke yi masa ne ke shigar masa da abinci daga ruwan gaɓa. Matsalar ita ce sassan jiki ba sa sabawa a lokaci guda. Zuciya da huhu da tsoka suna gyaruwa cikin makonni, ƙashi da jijiya kuwa sai sun ɗauki watanni. Shi ya sa mutum ke jin numfashinsa ya daidaita a mako na huɗu, ya ƙara nisa da sauri, alhali ƙwaurinsa bai iso inda huhunsa ya kai ba. Manomi ya san wannan a tafin hannunsa. Wanda ya shiga gona sannu a hankali farkon damina, ƙotar fartanya kanta take yi masa. Wanda ya ce sai ya nome gonar duka a rana ɗaya, bororo yake tashi da shi. Fartanyar ɗaya ce, hannun ɗaya ne, awon aikin ne ya bambanta.

Inda ciwon ke sauka ma sananne ne. A 2002 wasu likitocin wasanni a birnin Vancouver na Kanada sun fitar da nazarin raunuka 2,002 na masu gudu da suka zo asibitinsu, suka tarar gwiwa ce ta ɗauki kimanin kashi 42 cikin 100. Na gaba-gaba shi ne ciwon ƙoƙon gwiwa, wanda ake ji a gaba, a kewayen ƙoƙon ko a ƙarƙashinsa. Yana tashi wajen saukowa daga bene, wajen tsuguno, wajen durƙusawa zuwa sujada da zaman tahiya, ko bayan dogon zama a mota gwiwa a lanƙwashe. Na biyu shi ne ciwon gefen gwiwa ta waje, inda wata doguwar jijiya mai faɗi da ta taso daga ƙugu take bi ta gangara. Shi wannan yakan bar mutum ya fara gudu lafiya, sai an yi 'yar tafiya ya soke shi, musamman a gangare. Akwai ciwon tafin ƙafa, wanda takun farko da safe ke sa mutum ya ji kamar ba zai iya taka dunduniya ba. Akwai zugin ƙwauri da ke bin gefen ƙashin ta ciki, abokin sababbin masu gudu da kuratan soja. Akwai kuma ciwon agara, jijiyar da ta haɗa sha-raɓa da dunduniya, mai sandarewa da safe. Sunayen sun bambanta, amma in aka bi diddigi labarin kusan ɗaya ne: a makonnin da suka gabaci ciwon an ƙara wani abu farat ɗaya, ko nisa, ko sauri, ko hawan tudu, ko an dawo daga dogon hutu aka ɗora daga inda aka tsaya.

Ƙorafi na farko da za a kawo shi ne wanda ya fi zama a zukata, cewa gudu yana goge guringuntsi ya jawo amosanin gaɓɓai idan girma ya zo. Da haka ne, da masu gudu sun fi kowa fama da shi. Masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun bi wasu dattawa masu gudu da takwarorinsu marasa gudu daga 1984 zuwa 2002, suna ɗaukar hoton gwiwoyinsu lokaci-lokaci, kuma bayan shekara 18 ba su ga amosanin ya fi yawa ko tsanani a wurin masu gudun ba. A 2017 an tattara bincike da dama da suka ƙunshi mutum sama da 100,000, sai aka ga amosanin gwiwa ko ƙugu ya kama kashi 3.5 cikin 100 na masu gudun motsa jiki, kashi 10.2 na waɗanda ba sa motsa jiki, da kashi 13.3 na manyan 'yan tsere. Mai ja zai iya cewa ai masu lalatacciyar gwiwa tun farko suke barin gudu, don haka lafiyayyu ne suka rage aka ƙirga. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma saboda ita ba za a ce gudu rigakafin amosani ba ne kai tsaye. Amma ba ta isa ta ceto zargin da ake yi masa ba, domin binciken Stanford ya bi mutanen ne tun daga farko har ƙarshe. Alƙaluman manyan 'yan tsere kuwa ƙarfafa batun awo suke yi: haɗarin yana wurin mai zaman dirshan da mai wuce gona da iri, sauƙin yana tsakiya. Abubuwan da aka tabbatar suna kai gwiwa ga amosani su ne ƙiba, da tsohon rauni irin na tsinkewar jijiyar cikin gwiwa, da shekaru, da gado.

In gudu ba shi ne abokin gaba ba, me zai hana a kwanta kawai har ciwon ya wuce? Dalilin shi ne hutu yana kwantar da zafi amma yana zaftare ƙarfi. Wanda ya ajiye ƙafa wata guda zai ji sauƙi, sai dai tsokarsa ta saki, jijiyarsa ta yi laushi, ranar da ya koma kuwa zai ɗora tsohon nauyi a kan ƙafar da ta fi ta dā rauni, ciwon ya dawo, shi kuma ya yanke hukuncin cewa gwiwarsa ta lalace. A 2007 Karin Silbernagel da abokan aikinta a Suwidin sun raba masu ciwon agara 38 gida biyu. Duka an ba su atisayen ƙarfafa jijiyar, amma an hana rukuni ɗaya gudu da tsalle na mako shida, ɗayan kuma aka bar su su ci gaba matuƙar zafin bai wuce biyar cikin goma ba kuma ya lafa kafin gari ya waye. Rukunan biyu sun samu sauƙi iri ɗaya. A 2018 Jean-François Esculier da tawagarsa a Kanada sun gwada masu gudu 69 da ke fama da ciwon ƙoƙon gwiwa. An koya wa kowa yadda zai daidaita nisa da sauri gwargwadon zafin da yake ji, sannan aka ƙara wa wasu atisaye, wasu kuma gyaran salon gudu. Bayan mako takwas duk sun samu sauƙi, kuma waɗanda aka koya wa awo kaɗai ba su kasa sauran ba. Hatta Dakta Gabe Mirkin, likitan Amurka da ya yaɗa tsarin hutu da ɗora ƙanƙara a 1978, ya fito a 2014 ya ce cikakken hutu da yawan ƙanƙara suna iya jinkirta waraka.

A aikace, awon nan ba ya buƙatar na'ura. Mutum ya ɗauki zafin a ma'aunin sifili zuwa goma. Idan yana gudu zafin bai wuce biyu ko uku ba, bai sa shi ɗingishi ba, kuma washegari ƙafar ta koma yadda take kafin ya fita, to wannan nauyi ƙafarsa ta karɓe shi. Idan zafin yana hawa yayin da ake gudu, ko ya canja masa taku, ko ya kwana ya tashi da shi fiye da jiya, an zarce, sai a ja baya. Ja da baya yana nufin a rage nisa da rabi, a bar gangare da tudu da gudun tsere, a raba doguwar fita guda zuwa gajeru biyu ko uku, a bar kwana ɗaya tsakani. Idan ko hakan ƙafar ta ƙi, sai a ajiye gudun na ɗan lokaci a koma tafiya da sauri, ko tuƙa keke, ko iyo ga mai hali, don zuciya da tsoka kada su yi barci. Alamar an shirya komawa ita ce mutum ya iya tafiyar minti 30 da sauri ba zafi, ya kuma yi 'yan tsalle-tsalle a kan ƙafar da ke ciwo ba tare da ta soke shi ba. Daga nan sai a fara da sassarfar minti ɗaya, tafiyar minti biyu, a maimaita, a riƙa tsawaita gudun ana gajarta tafiyar mako bayan mako. Ƙa'ida guda ce ke riƙe da tsarin duka: abu ɗaya ake ƙarawa a lokaci ɗaya, nisa tukuna, sauri daga baya. Wanda durƙuso ke tsananta wa ciwo kuwa, addini ya yi masa rangwamen yin salla a zaune har ya samu sauƙi.

Rage nauyi rabin aiki ne, ɗaya rabin shi ne ɗaga ƙarfin ƙafar. A 1998 likitan ƙashi Håkan Alfredson na Jami'ar Umeå a Suwidin ya sa mutum 15 masu daɗaɗɗen ciwon agara su riƙa tsayawa a bakin matakala da 'yan yatsu suna sauke dunduniya a hankali, sau 180 a rana, har mako 12, kuma dukansu suka koma gudu. Darasin shi ne jijiya mai ciwo nauyi take so, amma mai tsari. A 2014 masu bincike a Denmak sun haɗa gwaje-gwaje 25 da suka ƙunshi mutum fiye da 26,000, suka ga atisayen ƙarfi ya rage raunukan wasanni zuwa ƙasa da kashi ɗaya bisa uku, miƙe-miƙen tsoka kafin wasa kuwa bai nuna wata kariya ba. Akasarin waɗancan mutane 'yan ƙwallo ne da sojoji, don haka ba za a ɗauki adadin a liƙa wa masu gudu yadda yake ba, kuma gwajin Kanada ya nuna ƙara atisaye a kan awo bai ƙara sauƙin ciwo ba. Duk da haka, a ciwon ƙoƙon gwiwa ƙarfafa tsokar cinya tare da ta ƙugu da ɗuwawu shi ne maganin da masana suka fi haɗuwa a kansa. Ba sai an je gidan motsa jiki ba: tashi daga kujera da zama a hankali, hawa matakala ɗaya da saukowa da ƙafa guda, ɗaga ƙugu daga kwance, ɗaga ƙafa gefe, ɗage dunduniya a tsaye. Sau biyu ko uku a mako ya wadatar, a riƙa ƙara nauyi da jakar littattafai ko jarkar ruwa. Sai dai a sa a rai cewa mako shida zuwa goma sha biyu ake magana.

Akwai ƙananan gyare-gyare da ke taimakawa, kuma ya kamata a ajiye kowanne a matsayinsa. Bryan Heiderscheit na Jami'ar Wisconsin ya nuna a 2011 cewa idan mai gudu ya ƙara yawan takunsa a minti da kashi 5 zuwa 10 cikin 100, wato ya gajarta taku ba tare da ya ƙara sauri ba, nauyin da gwiwa ke sha yana raguwa sosai. Wannan dabara kyauta ce. Takalmi kuwa ana ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Rundunonin sojan Amurka sun gwada raba wa dubban kurata takalma bisa siffar tafin ƙafarsu, raunuka ba su ragu ba. A Denmak an bai wa sababbin masu gudu 927 takalmi iri ɗaya aka bi su shekara guda, kuma waɗanda ƙafarsu ke ɗan karkata ciki ba su fi saura jin rauni ba. Abebe Bikila na Habasha ba takalmi ya lashe gudun famfalaki a gasar Olamfik ta birnin Rum a 1960, domin ƙafarsa ta riga ta saba da hakan. Kambas ɗin da ya yi wa mutum daidai, bai matse ba, bai cinye ta gefe ɗaya ba, ya isa. Abin tsoro shi ne canji na farat ɗaya, daga takalmi mai kauri zuwa marar kauri, ko daga yashi zuwa kwalta.

Mai bin diddigi zai iya kawo ƙorafi mai nauyi a nan. An daɗe ana koya wa masu gudu cewa kada su ƙara fiye da kashi 10 cikin 100 na nisa a mako, amma da aka gwada wannan ƙa'ida a birnin Groningen na Holan a 2008 da sababbin masu gudu 532, waɗanda suka bi tsarin sannu na mako 13 da waɗanda suka bi na mako 8 duk kimanin kashi 20 cikin 100 ne suka ji rauni. Shin wannan bai rushe batun awo ba? Abin da ya rushe shi ne tunanin cewa akwai lamba guda da ta dace da kowa. Ƙarfin ƙafa ba a tsaye yake ba. Yana sauka idan barci ya yi ƙaranci, ko abinci bai wadata ba, ko an tashi daga zazzaɓi, ko aikin yini ya riga ya gajiyar da ita. Kilomita biyar ɗin lebura da ya wuni a tsaye daban take da ta ma'aikacin ofis, ta mai kilo 100 daban take da ta mai kilo 60. Wani bincike a Denmak da ya bi sababbin masu gudu 874 ya ga alamar cewa masu ƙara sama da kashi 30 cikin 100 sun fi kamuwa da irin ciwukan da nisa ke kawowa, wato babban tsalle dai yana da haɗari. Ma'aunin da ya fi kowace lamba shi ne amsar da ƙafar ke bayarwa washegari, ai jiki magayi.

Wannan ne ya sa kashe zafi da ƙwaya don a samu a yi gudu ya zama babban kuskure, domin ya toshe bakin mai ba da labari. Ibuprofen da diclofenac suna da amfaninsu na 'yan kwanaki bisa shawarar likita, amma shan su kafin fita, a cikin zafin bazara, jiki ba ruwa, yana iya taɓa ƙoda, kuma a cikin da babu abinci yana iya jawo gyambon ciki. Taramol ya fi muni, domin yana kama mutum ya zama jaraba, yana kawo farfaɗiya, kuma hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa tun daga Janairun 2024. Allurar sitiroyid da wasu ke nema a yi musu a gaɓa ita ma sauƙinta gajere ne. Wani nazari a mujallar Lancet a 2010 ya nuna tana rage zafin jijiya na 'yan makonni, amma daga baya sakamakon yakan fi na wanda ba a yi masa ba muni. A 2017 an gwada ta a Amurka a kan masu amosanin gwiwa 140, ana yi musu duk wata uku har shekara biyu, sai aka ga guringuntsinsu ya fi raguwa, zafin kuma bai fi na waɗanda aka yi wa allurar ruwan gishiri sauƙi ba. Man zafi da tausa da gasawa da ruwan ɗumi suna sanyaya rai kuma ba laifi, muddin ba a ɗauke su a matsayin maganin ba. Masu ɗori suna da daraja a al'ummarmu, amma ciwon yawan aiki ba karaya ba ne ba gocewa ba, babu abin da za a ja a mayar. Tsaga a kan gaɓa kuwa ƙofa ce ake buɗe wa ƙwayoyin cuta.

Haka nan hoto ba ya yanke hukunci shi kaɗai. A 2020 likitoci a Landan sun ɗauki hoton MRI na gwiwoyi 230 na manya waɗanda ba sa jin ciwon komai, suka ga wani abin da za a kira matsala a kashi 97 cikin 100. Ke nan wanda aka nuna wa ɗan zaizayar guringuntsi a hotonsa kada ya ɗauka an gano sanadin ciwonsa, domin maƙwabcinsa mai lafiya ƙila yana da irinta. A Finlan a 2013 an raba mutum 146 da faifan guringuntsin gwiwarsu ya tsage saboda shekaru: wasu aka yi musu tiyatar gyara, wasu aka huda aka duba aka rufe ba a yanke komai ba, kuma bayan shekara guda sauƙin da suka samu bai bambanta ba. Tiyata tana da muhallinta, musamman a raunin da ya faru farat ɗaya, amma ga ciwon da ya taso sannu a hankali, likitan gashin ƙashi ne ya kamata a fara gani.

Ƙorafi mafi ƙarfi shi ne na mai cewa gaya wa mutane su ci gaba da gudu da ɗan zafi wasa da wuta ne, domin wani ciwon ba ya son a taɓa shi. Gaskiya ne, kuma nan ne iyakar wannan shawara. Idan zafin yana wuri guda a kan ƙashi, wanda za a iya nunawa da ɗan yatsa, yana ƙaruwa da kowane taku, yana hana tsalle da ƙafa ɗaya ko yana zugi da dare, a yi zaton ƙashin ya fara tsagewa. Wannan ba a gudu a kansa ko kaɗan, yakan ɗauki mako shida zuwa takwas ko fiye, kuma hoton ƙashi na farko yana iya kasa nuna shi. Ya fi samun wanda ke ƙuntata wa kansa abinci yana gudu, da macen da al'adarta ta ɗauke saboda yawan atisaye. Gwiwar da ta kumbura nan take bayan murɗewa, ko take maƙalewa, ko take sullewa mutum ya faɗi, ta likitan ƙashi ce, irin waɗanda ke Asibitin Ƙashi na Dala a Kano da asibitocin koyarwa. Gaɓar da ta yi ja da zafi tare da zazzaɓi, da sha-raɓar da ta kumbura ita kaɗai bayan doguwar tafiya ko haihuwa, a ranar ake kai su asibiti, domin ta farko tana iya zama ƙwayar cuta a gaɓa, ta biyu kuma daskarewar jini. A ƙasar da cutar sikila ta yi yawa kamar Nijeriya, mai ita kada ya ɗora ciwon ƙashi ko na ƙugu a kan gudu sai likita ya duba. Haka yaro mai ɗingishi. Duk ciwon da aka yi wa awo na mako huɗu zuwa shida bai sassauta ba, shi ma ya kai a gan shi.

Saura mai cewa ba shi da lokacin wannan sannu-sannu, ranar tantancewa ta matso ko gasa ta ƙarato. Shi ne ma ya fi kowa buƙatarta. Mako biyu na ragewa a farkon ciwo yana hana wata uku na zama a ƙarshensa, kuma wanda ya isa filin tantancewa da ƙarancin atisaye ya fi wanda ya isa da tsagaggen ƙwauri. Mai niyyar aikin soja ko na ɗan sanda ya fara shiri tun da watanni, kuma a watan azumi ya rage nisa ya mayar da fitarsa bayan buɗa-baki, ya kula da barci da ruwa da abinci mai gina jiki kamar wake, ƙwai, nono, kifi da gyaɗa. Sannu ba ta hana zuwa. Dalilin da ya sa wannan magana ta cancanci a dage a kanta shi ne girman abin da ake asara idan an bari. Wani bincike a Amurka da ya bi manya sama da 55,000 na kimanin shekara 15 ya nuna a 2014 cewa masu gudu, har da masu yin minti biyar zuwa goma a rana, haɗarin mutuwarsu ta ciwon zuciya ya yi ƙasa da na marasa gudu da kashi 45 cikin 100. A lokacin da hawan jini da ciwon suga ke ƙara yawa a gidajenmu, duk wanda ciwon gwiwa na 'yan makonni ya raba da motsa jiki har abada ya yi babbar asara a kan matsalar da ke da magani. Wanda ƙafarsa ke ciwo yau ya tabbatar babu ɗaya daga cikin alamun haɗarin nan, ya rage, ya ƙarfafa ta, ya duba yadda ta kwana, sannan ya ƙara kaɗan.